Muryar Yaro Ba Ta Jiran Kowa

 

A wannan karo ina so mu tattauna ne a kan wani abu da kowannenmu ya tashi yana ji, amma ba safai muke zama mu yi tunani a kansa ba, wato muryoyin yara maza idan sun haɗu suna rera abu ɗaya. Duk wanda ya girma a unguwar Hausawa ya san wannan sauti. Ya san shi bayan magariba, lokacin da almajirai ke kewaye wuta kowa da allonsa. Ya san shi a dararen maulidi, lokacin da malam ke jan baitin Ishiriniya yara suna amsawa da murya ɗaya. Ya kuma san shi bayan goma ga azumi, lokacin da 'yan tashe ke bin gida-gida. Tambayar da nake so mu yi wa kanmu ita ce, nan da shekara ashirin su wa za su riƙa yin wannan amshi a unguwanninmu, kuma wa ke shirya su tun yanzu?

Dalilin da ya sa na yi wannan tambaya shi ne, muryar yaro aba ce mai gajeren kwana. Daga lokacin da yaro ya yi wayon riƙe kari, wajen shekara takwas ke nan, zuwa lokacin da balaga za ta zo muryarsa ta fashe ta yi kauri, bai fi shekara biyar ko shida ba. Manoman wannan jiha ba sa bukatar dogon bayani a kan irin wannan. Kowa ya san halin riɗi: idan ya nuna, to 'yan kwanaki ne kawai a hannunka, in ka yi sake kwanson ya fashe ya zube a ƙasa, wahalar damina ta tafi a banza. Haka muryar yaro take. Saboda haka duk al'ummar da ke son wannan sauti ya ɗore, tilas kowace shekara ta ɗauko sababbin yara ta fara da su daga farko, ba fashi.

To, Turawa ma sun gamu da wannan matsala, kuma sun fi shekara dubu suna fama da ita a cikin coci-cocinsu. Na san wani zai ce me ya haɗa mu da waƙar coci. Gaskiya ne addininsu daban namu daban, kuma ba waƙarsu nake kira a ɗauko ba. Amma manomin da ya ga gonar maƙwabcinsa ta yi kyau, ai yakan leƙa ya ga yadda ya yi huɗa, ko da ba masallaci ɗaya suke shiga ba. Abin da za mu duba shi ne dabarar da suka bi har abin nasu ya kai ga jikokin jikoki, da kuma ramukan da suka faɗa a kan hanya.

Asalin abin shi ne, a zamanin da ba a yarda mata su yi waƙa a cikin coci ba, kuma ga shi waƙoƙin nasu na bukatar siririyar murya, sai aka koma ga yara maza. A shekarar 975 wani bishop mai suna Wolfgang ya kafa makaranta a babban cocin birnin Regensburg da ke Jamus, ya ɗora wa ɗalibanta aikin waƙa a lokacin ibada. Wannan ƙungiya tana nan har yau, ana yi mata laƙabi da ƙananan tsuntsayen babban coci. A birnin Leipzig, can Jamus ɗin dai, an kafa ta cocin Thomas a shekarar 1212. A kan dutsen Montserrat na ƙasar Sifen akwai wata da takardun tarihi suka ambace ta tun 1307. A Ingila kuwa, Sarki Henry na shida ya kafa Kwalejin Sarki a Kambirij a 1441, aka rubuta cikin dokokinta cewa za a riƙa ajiye yara 16 masu waƙa, kuma tun daga 1928 gidan rediyon BBC ke watsa waƙarsu a jajibirin Kirsimeti. Wadda ta fi duka suna a duniya ita ce ta Viyana, babban birnin Austriya, wadda ke ƙirga shekarunta daga 1498, zamanin Sarki Maximilian na farko.

Yarjejeniyar da aka gina waɗannan makarantu a kanta ba baƙuwa ba ce gare mu. Yaro ya ba da muryarsa, makaranta ta ba shi abinci da wurin kwana da ilmi. Saboda haka da yawa daga cikin yaran 'ya'yan talakawa ne, waɗanda ba su da wata hanyar samun karatu. Kuma da yake abincin ba ya isa, sai yaran su fita rukuni-rukuni suna bin ƙofar gidaje suna waƙa ana ba su sadaka, ko su raka gawa maƙabarta a biya su. Shi kansa Martin Luther, wanda ya raba cocin Turai gida biyu a ƙarni na 16, yana yaro ya bi ƙofa-ƙofa yana waƙa domin ya sami gurasa a garin Eisenach. Mai karatu, in ka cire sunan gari da na addini, ai bara ke nan irin wadda muka sani. Bambancin kawai shi ne, su sun kai lokacin da suka ga wannan bai dace da yaro mai neman ilmi ba, suka nemo wa makarantun hanyar ciyar da ɗalibansu, aka daina fita.

Abu na biyu da ya taimake su shi ne rubuta karin waƙa. Da farko da ka ake koyon komai, malami ya rera yaro ya maimaita, har ya zama sai mutum ya yi shekara goma kafin ya haddace waƙoƙin shekara, alhali kuwa muryar ba ta jira. Sai wajen shekarar 1025 wani mai zaman zuhudu a Italiya, Guido na garin Arezzo, ya fito da dabarar ja layuka a takarda a ɗiga alamomi a kansu, ta yadda mai kallo zai gane inda murya za ta hau da inda za ta sauka. Ya yi haka ne musamman domin yaran da yake koyarwa. Daga nan ya zama ko malami ya mutu, karin da ya sani bai mutu tare da shi ba.

Bari mu ɗan tsaya a kan ta Leipzig, domin a nan ne darasin ya fi fitowa fili. Shahararren mai tsara kiɗa Johann Sebastian Bach ya shugabance ta shekara 27, daga 1723 har rasuwarsa a 1750, amma da ya mutu ba a watse ba, sai aka naɗa wani. Tun a ƙarni na 16 majalisar gari ta ɗauki nauyin makarantar, kuma har yau garin ne ke riƙe da ita. Ta ga annoba, ta ga yaƙin duniya biyu, ta ga mulkin Hitler, ta kuma yi shekara arba'in ƙarƙashin gwamnatin kwaminisanci ta Jamus ta Gabas wadda ba ruwanta da addini, amma ba a daina ɗaukar yara ba. Yaran sun kai wajen 90, daga 'yan shekara tara zuwa sha takwas, suna kwana gida ɗaya, ana haɗa manya da ƙanana a ɗaki domin babba ya kula da ƙarami. Da safe suna zuwa makarantar boko kamar kowane yaro. Idan muryar yaro ta fashe ba a korarsa. Sai a hutar da shi daga waƙa na wani lokaci a ba shi wasu ayyuka, in muryar ta zauna ya dawo cikin masu babbar murya. Masana sun lura cewa a zamanin Bach sai yaro ya kai sha shida ko sha bakwai kafin muryarsa ta fashe, yanzu kuwa wajen sha uku ne, wato lokacin ma ƙara gajarta yake yi.

Ta Viyana kuwa ta kusa mutuwa. Fadar sarki ce ke riƙe da ita, sai daular ta rushe a 1918 bayan yaƙin duniya na farko, ba sarki ba fada. Wani limamin coci mai suna Josef Schnitt ne ya sake tara yara a 1924, ya kashe dukiyarsa a kansu, sannan ya fara kai su wasanni a ƙasashe suna samun kuɗin shiga. A yau yara ne wajen 100, an kasa su rukuni huɗu, wasu na tafiya wasu na gida suna karatu. Abin lura a nan shi ne, da mai riƙon ya faɗi, sai da aka sami wanda ya tashi ya nemo wata hanyar ciyarwa kafin abin ya sake tsayawa da ƙafarsa.

Sai dai kada mu ɗauka tarihin nasu duk alheri ne. Joseph Haydn, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗa a Turai, ya shiga ƙungiyar babban cocin Viyana yana ɗan shekara takwas a 1740, ya yi shekara tara yana waƙa cikin yunwa, da muryarsa ta fashe a 1749 aka sallame shi ba ko sisi, sai da wani ya tausaya masa ya ba shi wurin kwana. A Italiya abin ya fi haka muni, domin tun daga ƙarni na 16 an riƙa dandaƙe yara don kada muryarsu ta canja, kuma na ƙarshe cikin irin waɗannan mawaƙa da ya yi aiki a cocin Paparoma, Alessandro Moreschi, bai rasu ba sai a 1922. A zamaninmu ma, a watan Yulin 2017 wani rahoton bincike ya bayyana cewa aƙalla yara 547 na ƙungiyar Regensburg sun sha duka ko lalata a hannun masu kula da su, daga 1945 zuwa farkon shekarun 1990. An daɗe ana rufe maganar domin kare sunan makaranta. Wannan ya nuna duk inda aka tara yara nesa da idon iyayensu, aka kuma ɗaukaka malami har ya fi ƙarfin tambaya, to ana iya cutar da su, komai tsarkin abin da suke rerawa.

To, yanzu mu dawo gida. Wani abin mamaki da ba kowa ya sani ba shi ne, ita kanta Ishiriniyar da muke ji tamkar a Kano ko Katsina aka haife ta, daga Turai ta fito. Wanda ya tsara ta, Abu Zaidi Abdurrahman Alfazazi, mutumin Andalus ne, kuma a birnin Kurɗuba ya yi ta a shekarar 604 bayan hijira, wato wajen 1208, shekaru kaɗan ke nan kafin a kafa waccan ƙungiya ta Leipzig. Sunanta na asali Alwasa'ilul Mutaƙabbala, an kira ta Ishiriniya ne saboda kowane harafi na Larabci yana da baiti ashirin na yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Daga baya Ibnu Mahibu ya yi mata tahamisi, kuma a haka ta ƙetaro hamada ta iso ƙasar Hausa. Waliyyi Ɗan Masani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, ya rubuta mata sharhi. Kurɗuba ta fita daga hannun Musulmi tun 1236, amma waƙar da aka yi a can tana nan a bakin yaran Zariya da Sakkwato da Maraɗi. Tare da ita akwai Burda ta Imam Albusiri na Masar, ga waƙoƙin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da almajiransa, ga kuma Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, wadda aka yi ta da Hausa tsantsa. Ashe ke nan wajen daɗewa da zurfi, ba mu da abin jin kunya a gaban kowa.

Kakanninmu da suka yo gabas ba su baro wannan a baya ba. Wasu hanyar hajji ce ta kawo su, suna tafe suna noma suna ya da zango. Wasu kuma sun taso ne bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na farko a Burmi a 1903, suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har suka kafa garin Maiurno kusa da Sinnar a 1906. Duk inda suka sauka, kafin a gama rufin bukka an kafa makarantar allo, da karatunta na Warshu da matakanta na kolo da titibiri da gardi har zuwa alaramma. Kuma suka tarar da mutanen ƙasar nan suna da nasu mai kama da shi. Ga halwa da fakinta da ɗalibanta, ga wutar dare da suke kira tugaba, ga karatun Duri, ga manyan wurare irin su Ummu Dawan Ban da Wad Alfadni da Hamashkoreb. Ga madihu da ake yi da tari, wanda mu muke kira bandiri, tun daga Hajji Almahi na ƙarni na 19, wanda zuriyarsa suka gaji aikin, har zuwa Shehu Abdurrahim Albur'i na Zariba da ya rasu a 2005, wanda ya yi yabo da Larabcin da talaka ke ji a kasuwa. Marigayi Shehu Nurain Muhammad Siddiƙ, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya zagaye duniya kafin ya rasu a haɗarin mota a watan Nuwamban 2020, ɗan halwa ne daga Kurdufan. Saboda haka ɗan Bahaushe a Gadarif ya gaji gida biyu, abin da ɗan'uwansa na Kano bai samu ba.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce namu ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya. Malam ne makaranta, zaurensa ne aji, kansa ne littafin karin da ake rerawa, gonarsa da sadakar Laraba su ne asusu. Ran da ya kwanta ciwo karatu ya tsaya, ran da ya rasu, in ba a yi sa'ar ɗa ko almajirin da zai gaje shi ba, sai yara su watse, zauren ya koma shago. Baitocin dai suna nan a littafi, amma karin da wancan dattijo ya ɗauko daga bakin malaminsa, wanda shi ma ya ɗauko daga yamma, ba ya cikin kowane littafi.

Bugu da ƙari, akwai maganar harshe. Yaranmu na cikin gari da Larabci suke wasa, da shi suke karatu, kuma ba laifi ba ne, harshen ƙasarsu ne kuma harshen Alƙur'ani. Amma da yawa Hausarsu ta tsaya a gaisuwa da sunayen abinci. Waƙa kuwa ita ce ta fi komai riƙe harshe a bakin yaro, domin abin da ya rera yana ɗan shekara tara ba ya mantawa ko ya yi furfura. Sannan ga lasifika da wayar hannu. A da in ana son yabo a wajen suna ko walima sai an nemo masu yi, yanzu kuwa sai a kunna waya a jona da lasifika, kowa ya zauna yana saurare, ba mai buɗe baki. A kan wannan duka sai ga yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Da Wad Madani ta faɗi a watan Disambar wannan shekara, Sinja kuma a tsakiyar 2024, dubban jama'a suka kwararo Gadarif, makarantu da yawa suka zama masaukin 'yan gudun hijira, karatu ya tsaya wata da watanni. Yaron da yake ɗan shekara goma a lokacin da aka fara harbi, kafin ƙura ta lafa rabin kwanakin muryarsa sun wuce.

Kuma laifi tudu ne, kada mu taka namu mu hango na Regensburg. A watan Oktoban 2020 sashen Larabci na BBC ya nuna wani bincike da aka ɗauka a ɓoye a halwowi 23 na ƙasar nan, inda aka ga yara ɗaure da mari, wasu da tabon bulala a baya. Ba duka makarantu ne haka ba, kuma akwai malamai masu tsoron Allah da suka riƙe 'ya'yan mutane tamkar nasu. Amma duk uban da ya ga wannan, zai yi tunani sau biyu kafin ya miƙa ɗansa. In muna son iyaye su ci gaba da kawo yara, sai mun ba su tabbacin cewa yaron zai koma gida lafiya a jikinsa da zuciyarsa.

Saboda haka ga 'yan shawarwari, kuma ba wadda ke bukatar jiran gwamnati ko wata ƙungiya daga waje.

Ta farko, a raba wa malam kaya. Kowace unguwa ta kafa ɗan kwamiti na iyaye da dattawa da zai tsaya tare da makarantarta, ya san yawan yara, ya san abin da ke shigowa, ya kuma san wanda zai riƙe karatu in malam ya gaza. Jiharmu ita ce rumbun ƙasar nan wajen dawa da riɗi. Idan manoma goma suka ware fadan ɗai-ɗai suka mayar waƙafi da sunan makaranta, a rubuce da shaidu, ba da sunan malam ko 'ya'yansa ba, to an rage fitar yara bara, an kuma sama wa malam abin da zai dogara da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta biyu, a tsayar da lokaci. Waɗancan makarantu na Turai kullum suke gwaji, shi ya sa muryoyinsu ke haɗuwa. Mu ko daren Alhamis da yammacin Juma'a muka tsayar, duk mako ba fashi, ya fi a bari sai watan maulidi ya kama sannan a tara yara a guje. Kuma a tsara shi yadda ba zai hana yaro zuwa makarantar gwamnati ba, domin ranar da muryar ta tafi, takardar shaida da sana'a ne za su ciyar da shi.

Ta uku, wayar nan da ta hana mu buɗe baki, a juya ta ta yi mana aiki. Samarinmu su bi dattawan da suka san tsofaffin kare-karen Ishiriniya da Burda da waƙoƙin wa'azi na Hausa, su nemi izininsu su ɗauki muryarsu harafi bayan harafi, a rubuta sunan mai karin da na wanda ya koya masa, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Wannan shi ne namu layukan na Guido. A cikin waɗanda yaƙi ya koro daga Jazira da Sinnar akwai malamai da ke da karin da ba mu da shi a nan, wanda duk ke kusa a neme shi.

Ta huɗu, kada a yar da yaro don muryarsa ta fashe. Shi ne ya fi kowa dacewa ya zauna da ƙanana ya koya musu, domin jiya-jiya ya bar wurin. Daga cikin irinsu ne masu jan baiti na gobe za su fito.

Ta biyar, a bar ƙofa a buɗe. Kowane uba ko uwa su sami ikon shiga makaranta a kowane lokaci ba sai da sanarwa ba. Ba mari, ba ɗaurewa, ba dukan da zai bar tabo. Yaron da ya kawo ƙara a saurare shi, kada a ce ana kare mutuncin malam ko na makaranta.

Na san a cikinmu akwai 'yan'uwa da ba su yarda da bikin maulidi ko kaɗa bandiri ba, kuma wannan fili ba wurin warware wannan saɓani ba ne. Amma ai ba wanda ke jayayya a kan kyautata murya da Alƙur'ani, ko a kan koya wa yara tauhidi da fiƙihu da tarihin Annabi cikin waƙa, kamar yadda malaman jihadi suka yi. A Nijeriya tun 1986 Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shirya musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, kuma kowane ɓangare na shiga. Kowa ya tara yaransa a kan abin da ya yarda da shi. Haka kuma ko da yake a kan yara maza na yi magana, kada a manta da 'yan mata. Cocin Salisbury a Ingila sai a 1991 ya kafa ƙungiyar 'yan mata, Regensburg kuwa sai a 2022, alhali Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, tuni ta riga ta tura jajis ƙauyuka suna koya wa mata addini da waƙa.

Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da za su yi amshi a maulidin baɗi suna nan yanzu a ƙofar gidajenmu suna wasan ƙwallo, kuma kowane wata da ya wuce an rage wani abu daga lokacinsu. Ina roƙon limamai da masu unguwanni su ɗauki wannan magana su kai ta masallaci ranar Juma'a, wanda kuma unguwarsu ta riga ta fara wani abu makamancin wannan, ya rubuto mana domin saura su koya. Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya shirya mana zuriya, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.